Sawun Taya a Ƙofar Maƙabarta

Raelene ce ta fara ganinsa. Ta kawo wa mahaifinta shayin safe a gareji kamar kullum, sai ta tarar da jar motar nan tasa ta zauna da gindi a ƙasa, ƙafafun Wal Zischke biyu sun leƙo daga ƙarƙashinta, takalmi ɗaya ya cire. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kofin a bisa benci, ta jawo jak ta ɗaga motar da kanta. Da ta janyo shi, jikinsa ya riga ya fara sanyi.

Kafin rana ta yi sama, rabin mutanen Barrawinga sun cika ƙofar garejin. Da farko an ce tsautsayi ne: tsoho ɗan shekara sittin da takwas, shi kaɗai a ƙarƙashin mota. Sai wani ya dubi kusurwa ya ce, "To ina aksil ɗin?"

Kowa a garin ya san aksil ɗin nan, ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun mota na baya. Wata bakwai Wal yana ƙera shi. Ya sa wa motarsa injin mai ƙarfin doki ɗari bakwai, ya kuma san tsohon aksil zai karye tun a tashin farko, don haka ya gina sabo da hannunsa, domin tseren da ake yi duk shekara a filin jirgi. Jiya da yamma yana kan mazauninsa yana jiran a ɗaura. Yau babu shi.

Nan take magana ta juya. Kuma ba ta yi yawo da nisa ba, ta sauka a kan Lionel Doolan. Ai ya taɓa zaman kurkuku a kan satar kayan mota. Ai makon jiya, da Wal ya taka masa kare da mota, a gaban kowa ya ce, "Wata rana motar nan za ta faɗo maka." Kafin la'asar Saje Okely ya sa masa ankwa ya tafi da shi babban gari, tafiyar awa huɗu. Da yamma wasu suka farfasa tagogin gidansa.

*

Clarrie Doolan, wan Lionel, yana daji yana duba tarkon karnukan da ke cin tumakin mutane, sai washegari ya ji. Shekara ashirin ya yi yana bin sawu ga 'yan sanda, ya nemo musu yaran da suka ɓace da fursunonin da suka tsere, har suka sallame shi da agogon bango. Shi da Wal tun suna samari suke tare. A rana ɗaya aka kashe masa aboki aka ɗaure masa ƙane, kuma da ya shigo gari, mutanen da ya nemo wa 'ya'ya suna ganinsa suna kau da kai.

Ya tarar da Raelene zaune a garejin, bindigar mahaifinta a kan cinya.

"Kawu Clarrie," ta ce, ba ta ɗago ba, "in roƙo ka zo yi wa ƙanenka, juya."

"Ban iya roƙo ba, 'yata. Kallo na zo yi."

"Ranar da suka sake shi, ni zai tarar a hanya."

"In shi ne, ni zan riƙe miki shi. Matsa mini daga haske."

Ƙofar garejin ba ta da amfani, ƙafafu ɗari sun tattake ta. Ciki ya shiga, ya tsuguna, ya bi ƙasa da kallo. Ga inda ɗaya daga ƙarafan da aka tokare motar da su ya karci siminti: jan sa aka yi da sarƙa, lokaci ɗaya, daga waje. Wannan ba tsautsayi ba ne. Sai ya koma kusurwar da aksil ɗin ya zauna, ya shafa ƙasa da tafin hannu, ya shinshina.

"Akwai mai a cikinsa?"

"Ni na zuba masa ranar Lahadi. Bai ma ɗaure murfin ba tukuna."

"To ina ɗigon? Daga nan zuwa ƙofa taku goma sha biyu ne, ko ɗigo ɗaya babu." Ya nuna wani tsumma da aka yage gefensa. "Ya toshe bakin. Ya shimfiɗa buhu a kan keken turawa kafin ya ɗora shi, ga zaren buhun. Me ke zaune a nan, inda ƙura ba ta taɓa ba?"

Raelene ta leƙo. "Gwangwanin notuna. Nasa ne na musamman, na ɗaure aksil ɗin."

Clarrie ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Mutum ya kashe mutum, gawar na bayansa taku uku, amma ya tsaya yana lallaɓa ƙarfe kamar jariri, har bai manta da notuna ba. Ƙanena fa? Kin san aikinsa. Da sarƙa zai ja shi a ƙasa ya kai wa masu sayen ruɓaɓɓen ƙarfe."

"Wannan ba hujja ba ce."

"Ba hujja ba ce. Faɗa mini yadda babanki ya gina shi."

Ta faɗa, muryarta a bushe. Ya sa sanduna masu kauri a ciki, ninki biyu na na asali. Ya yanke shi ya rage faɗinsa yatsa huɗu ta kowane gefe, don manyan tayoyi su samu wuri. Sannan ya kulle tsakiyar. Motar kowa in ta sha kwana, ƙafar waje tana gudu fiye da ta ciki, haƙoran tsakiya ne ke raba musu. Na Wal babu rabo, ƙafafun biyu tare suke juyawa kamar an yi musu walda, don kada ɗaya ta yi ta murza banza a wajen tashi.

"A miƙe babu kamarsa," ta ce. "A kwana kuwa sai ya yi ta jan ƙafa kamar gurgun doki."

Clarrie ya gyaɗa kai ya fita.

*

Glenys mai mashaya ta zuba masa lemo ba tare da ya tambaya ba, don ta san ya bar giya tun kafin a haifi rabin masu shan ta.

"Ni dai ban ce Lionel ba ne," ta ce.

"Ba ki kuma ce ba shi ba ne. Wa ya ga aksil ɗin nan da idonsa?"

"Wa bai gani ba? Ranar Alhamis Wal ya ɗoro shi a bayan a-kori-kura ya kawo taron ƙungiyar masu tsofaffin motoci. Su goma sha tara suka fita suna shafa shi. Wallahi, Clarrie, matansu ba sa samun irin shafar nan. Shi kuma yana ta cika baki, wai wannan ko giwa ta hau ba zai karye ba, wai duk wanda ya sa babban inji a kan ƙaramin aksil kabarinsa yake haƙa."

"Wa ya ji haushi?"

"Darcy Kowald mana. Shekara shida Wal yana kayar da shi. Ya ce, 'Tsoho, ka yi ta ƙerawa, sai dai wani ya hau.' Kowa ya ji. Shugaba ma bai ji daɗin hayaniyar ba, ya bar rabin kofinsa ya tafi gida."

Shugaban ƙungiyar shi ne Merv Tolhurst, mai kantin magani na dā, mai riƙe da mabuɗin coci. Shi ne kaɗai ya tare Clarrie a titi ranar, ya cire hula ya kama hannunsa da hannu biyu. "Abin bai yi daɗi ba, Clarrie. Lionel ba mugu ba ne, giya ce." Clarrie ya zare hannunsa ya wuce.

*

Darcy yana ƙarƙashin rumfa a gonar tumakinsa, ƙato mai jan wuya, hannu duk baƙin mai.

"Ka zo shinshina ni, tsoho? Bismillah. Ga mota, ga rumbu, ga rijiya."

"An ce ka ce wani ne zai hau."

"Na faɗa. Na kuma ce masa mai kunnen jaki, ya ce mini ɗan tunkiya. Shekara shida ke nan muna haka." Ya jefar da sifana. "Ka san abin da aka yi mini? Bana na yi inji da zai cinye shi. Yanzu ko na zo na ɗaya, za a ce don Wal ba ya nan ne. Wanda ya yi wannan ni ma ya cuce ni."

Clarrie ya zagaya motar. Inji yana rataye da sarƙa a sama, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin taya da ƙasa. Tayoyin baya faɗinsu ya fi taƙi biyu.

"Naka ma a kulle yake?"

"Duk mai tsere nasa a kulle yake. Amma ba kamar na Wal ba. Na Wal..." Ya girgiza kai. "Da ni ne ɓarawon, da hankali ya ce in jefa shi a tsohuwar rijiyar ma'adinai, ba mai ƙara ganinsa. Amma ka ga hannun nan? Ba zai iya ba. Babu mai mota a garin nan da zai iya jefa abin nan a rami."

"To me zai yi da shi?"

Darcy ya yi dariyar da babu daɗi a cikinta. "Me ake yi da aksil?"

Clarrie ya hau a-kori-kurarsa yana juya maganar. Saje ya bincika rumbuna bakwai da juji biyu bai ga komai ba, don yana neman aksil a inda aksil ba ya zama. Kuma mutumin da ya ɗaura irin wannan a motarsa, sai ya ji yadda yake ja. Ba zai iya haƙura ba.

*

Wurin gwajin mota ɗaya ne a Barrawinga: faƙon da ke bayan tsohon layin dogo, fili shimfiɗaɗɗe mai mashiga ɗaya. Clarrie ya yanko reshe ya share mashigar tas. Kullum da hantsi sai ya je ya duba. Rana ta farko sawun jimina. Ta biyu babu komai. Ta uku wasu samari da babura. Yana sharewa yana komawa, yana tuna Lionel, wanda ko ɗaki mai rufaffiyar ƙofa ba ya iya kwana a ciki tun fitowarsa ta farko. Lauyan gwamnati ya bugo waya ya ce Lionel ya daina cin abinci.

Rana ta bakwai ya samu.

Mota ɗaya ta shiga da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Ta tsaya a bakin fili, ta tashi da ƙarfi, layi biyu baƙaƙe daidai wa daida. Ya bi su da ƙafa har ƙarshen faƙon, inda ta juyo. Nan ya tsuguna. Ƙafar baya ta ciki ba ta mirgina a hankali ba, ta yi ta kartar ƙasa tana tsalle, ta bar tabo-tabo kamar an sassara da fartanya. Ya ɗora hannu tsakanin sawun gaba da na baya: yatsa huɗu cif, na baya ya shige ciki. Ya duba ɗaya gefen, yatsa huɗu.

Amma tayar ba ta tsere ba ce. Siririya ce, tsohon yayi, irin ta motocin da ake gogewa da auduga a fito da su ranar biki.

Ya ƙirga a ransa. Motoci biyar a ƙungiyar ke da irin tayar nan, kowace a kulle a garejin mai ita. Saje ba zai fasa ƙofofin manyan gari biyar a kan maganar wan wanda ake tuhuma ba. In kuma magana ta fita, kwana biyu sun isa a kwance aksil, wannan karon kuma rami zai tafi.

Ya je wurin Raelene. An dawo da gawar daga asibitin babban gari, jana'iza jibi.

"Ƙungiya za ta raka shi?"

"Kamar yadda suke yi wa kowa. Duk motocin, a jere, daga coci zuwa maƙabarta. Wanda bai fito da motarsa ba ai ya zagi mamaci."

"Ki bar bindigar a gida. Ki zo da jak ɗin babanki."

Ta daɗe tana kallonsa. "In ƙarya kake yi mini don ƙanenka, Kawu..."

"Ki zo da jak."

*

Daga coci zuwa maƙabarta kwalta ce miƙaƙƙiya, sai a ƙofa ake barinta a sha kwana hagu a kan jar ƙasa. Da sassafe ranar jana'iza Clarrie ya share wurin, ya yayyafa ruwa, ya bar shi ya sha iska. Sannan ya ajiye a-kori-kurarsa a karkace a gefen ƙofar, yadda duk mai shiga dole ya murɗe sitiyari har ƙarshe. Ya zauna a kan dutse da hularsa a gwiwa.

Tun daga nesa aka ji su, injuna goma sha tara suna gurnani. Motar gawa ta shige. Bayanta, kamar kowace jana'iza, motar Shugaba ce: shuɗiya mai farin layi, tana walƙiya. Motar ɗansa Craig ce, wanda ya mutu a cikinta a filin jirgi shekara goma sha tara da suka wuce. Merv ya sake gina ta ƙusa bayan ƙusa, bai kuma taɓa barin ta wuce gudun keke ba.

Ta iso ƙofa ta yi jim. Merv ya leƙo. "Clarrie, ɗan gyara motarka mana."

"Ta ƙi tashi, Shugaba. Za ka wuce, akwai wuri."

Na baya suna jira. Merv ya murɗe sitiyari. Gindin motar ya yi tsalle sau uku, ƙafar ciki ta feso jar ƙasa.

Clarrie bai motsa ba. Ya bari sauran suka shige ɗaya bayan ɗaya ta gefen da ya nuna musu, ya ga huɗun nan masu siririyar taya sun juya sumul. Ya bari aka sauke Wal, fadan coci ya yi addu'a, Merv ya yi jawabi a kan abota har wasu mata suka share hawaye. Sai da aka fara watsewa ya tsaya a tsakiyar ƙofa.

"Ba mai fita tukuna. Saje, zo ka ga wani karatu. Ku ma ku zo, ku da kuka iya fasa taga."

Ya nuna musu da tsinke. Ga sawun motar gawa, sumul. Ga na biye da ita, tabo-tabo. Ga yatsa huɗu. Bai yi dogon bayani ba, don ba a buƙata: mutanen nan ba su iya bin sawun yaro a daji ba, amma babu wanda bai san abin da ke kartar ƙasa a kwana ba. Ɗaya bayan ɗaya suka juya suna kallon shuɗiyar motar.

"Birki ne yake kamawa," Merv ya ce. "Tun watan jiya."

"Birki," Darcy ya ce. "Shugaba, mu za ka gaya wa birki?"

Raelene ta riga ta jawo jak. Ta tura shi ƙarƙashin motar ta ɗaga. Darcy ya kwance ƙafar baya ta hagu ya mirgina ta gefe, ya dubi kaurin ƙarfen da ya bayyana, ya tofar da yawu. An shafe shi da baƙin fenti, har da ƙura aka watsa masa don ya tsufa.

"Babana yana rubuta sunana da walda a bisa duk abin da ya ƙera," Raelene ta ce. "A sama, inda sai an shiga ƙarƙashi a shafa."

Darcy ya fara cire kwat. Clarrie ya dafa shi.

"Ba kai ba. Mai mota ne zai shiga."

Merv ya dubi Saje. Saje Okely, wanda ya kwana goma da mutumin da ba shi ba a kulle, ya sunkuyar da kai yana gyaran igiyar takalminsa. Merv ya dubi 'yan ƙungiyarsa, bai samu ido ɗaya da ya karɓe shi ba. Ya cire hula, ya kwanta da baƙar kwat ɗinsa a jar ƙasa, ya ja jiki ya shige. Raelene ta ɗora hannu a kan mariƙin jak ɗin. Murɗawa ɗaya ta isa motar ta faɗo masa.

"Me aka rubuta?" ta ce.

Merv ya miƙa hannu ya shafa saman ƙarfen.

"Shugaba, ba na ji."

"Raelene," muryar ta fito daga ƙasa.

"Haka babana ya kwanta? Ko ya fi haka shigewa?"

Clarrie yana tsaye kusa da ita har yana jin numfashinta. Gaskiya ita ce yana so ta murɗa. Ya tuna takalmin Wal guda, ya tuna hannu biyun da suka kama nasa a titi ana ce masa giya ce. Da hannunsa ne a kan ƙarfen, bai san abin da zai yi ba. Amma gawa ba ta magana a gaban alƙali, Lionel kuwa yau kwana huɗu bai ci ba.

"Bari ya faɗa tukuna, 'yata," ya ce. "Saje yana saurare. Faɗi, Merv. Wa ya ja sarƙar?"

"Ni ne." Sai maganar ta ɓalle masa. "Ni ne! Wal ne ya haɗa wa Craig inji, ya bar shi a kan ƙaramin aksil, ya karye, motar ta yi ta birkima a gabana. Shekara goma sha tara ina gaishe shi a coci. Sai ya tsaya a ƙofar mashaya yana dariya, wai mai yin haka kabarinsa yake haƙa. Ya iya ƙera irin wannan! Ya iya tun dā! Me ya hana ya ƙera wa ɗana? Na wannan motar ne. Nan ya kamata ya zauna tun farko."

"Ina wurin ranar," Raelene ta ce. Muryarta ba ta rawa. "Ina da shekara ashirin da biyu, ina riƙe masa fitila. Ya ce maka ka jira mako uku sandunan su iso. Ka ce tsere ranar Asabar ne, ɗanka ba zai zauna kallo ba. Da babana ya ƙi sakin motar, kai ka zo da kanka ka ja ta. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, don kada a ce kai ka kashe ɗanka. Yau na faɗa."

Daga ƙarƙashin motar wani sauti ya fito, ba kuka ba, ba magana ba.

Ta murɗa.

A hankali ta murɗa, da yatsa biyu. Motar ta sauko, ta sauko, har ƙarfen Wal ya zauna a kan maɓallin rigar Merv ya danna. Glenys ta toshe baki. Saje ya taho da sauri, Clarrie ya sa masa hannu a ƙirji. Raelene ta kulle jak ɗin a nan, ta tsuguna ta leƙa.

"Likita ya ce babana ya kai minti goma bai cika ba. Kai kana can kana toshe bakin mai." Ta dubi agogonta. "Za mu jira goma."

Suka jira. Mutum sittin a tsaye cikin rana, ba abin da ake ji sai numfashin Merv gajere-gajere da kukan hankaki a kan shinge. Da lokaci ya cika, ta ɗaga motar ta juya baya. Darcy ya kama Merv ta ƙafafu ya janyo shi, kamar yadda ita ta janyo mahaifinta.

*

A nan ƙofar maƙabarta 'yan ƙungiya suka kwance aksil ɗin, Saje ya tafi da shi tare da Merv. Motar kuwa ya ce ba shi da abin jan ta, sai aka tokare gindinta da kututture biyu.

Lionel ya dawo ranar Talata, wando yana zame masa. Ya tarar an sa masa sababbin tagogi, ba a san wanda ya sa ba. Glenys ta ce duk abin da zai sha na wata guda kyauta ne. Ya ce ta ba waɗanda suka yi jifa, su ne suka sha wahala. Raelene ta zo da ɗan kwikwiyo a kwali ta ajiye masa a ƙofa, ba ta iya haɗa ido da shi ba. Wannan ya karɓa.

Bayan shari'a aka dawo da aksil ɗin. Ita da Darcy suka kankare baƙin fentin suka ɗaura shi a jar motar, ta shiga tseren shekara mai zuwa ta kayar da Darcy da tsawon mota biyu. Ya fito yana zagi yana dariya, ya ce gidan nan dai ba za su bar shi ya huta ba.

Shuɗiyar motar tana nan inda aka bar ta, taku arba'in daga kabarin Craig, taku sittin daga na Wal. Ranar da aka yanke hukunci Raelene ta je ta sauke gilasanta huɗu. Rana ta ci fentin, ruwa ya shiga kujeru, zanzaro ya yi gida a sitiyari. Sau biyu hukumar gari tana aiko mai janwe, sau biyu yana tarar da a-kori-kurar Clarrie a karkace a gabanta, wai ta ƙi tashi.

A shekara ta uku wasiƙa ta zo daga kurkuku. Merv bai nemi gafara ba, bai tambayi kowa ba. Abu ɗaya ya roƙa: don Allah a samu tamfol a rufe motar yaron.

Raelene ta karanta ta miƙa wa Clarrie. Yana tsugune a bakin murhu a bayan garejin, itacen ɗanye ne, wutar tana ta hayaƙi. Ya sa ta karanta masa sau biyu, don idonsa bai cika son ƙananan rubutu ba. Sannan ya murɗe takardar ya tura ta ƙarƙashin butar shayi, ya hura.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu ta kama."